Tambaya: manhajar da na koyar ta iya gane jirgin da ya nutse, ko hadda kawai ta yi?

Ɗalibar Kwamfuta ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar kwamfuta, kuma bincikena ya shafi koyar da manhaja ta riƙa gane tarkacen jiragen da suka nutse a cikin hotunan sona, wato na'urar da ke aika amo cikin ruwa, ta saurari dawowarsa, sannan ta zana hoton ƙasan teku da abin da ta ji. Ban taɓa shiga jirgin bincike ba, ban kuma iya nutso ba. Abin da ke hannuna hotuna ne kawai da wasu suka tattara suka saki ga masu bincike, shi ya sa na zo neman shawarar waɗanda suka san aikin daga cikin ruwa.

Na yanyanka manyan hotunan zuwa ƙananan gutsattsari, na yi wa kowane gutsure alama cewa akwai jirgi ko babu, na cakuɗa su duka, sannan na ware kashi 80 cikin 100 domin koyarwa, sauran kuma domin jarrabawa. Da yake gutsattsarin da ke ɗauke da jirgi ba su da yawa, sai na ƙara musu yawa ta hanyar jujjuya su ta kowace fuska, kamar yadda aka saba yi da hotunan kyamara. Sakamakon jarrabawar ya haura kashi 90, malamin da ke duba aikina ya ji daɗi, amma ni hankalina bai kwanta ba, domin da na ba manhajar wani hoto da aka ɗauko a wani wuri dabam, sai ta zana mini akwati a kan wani dutse mai tsawo, ta kuma tsallake jirgin da ke gefensa, wanda ya farfashe.

Ina so in san inda kuskurena yake. Sannan ina so masu aikin tono kayan tarihi su gaya mini gaskiya: shin irin wannan manhaja tana da wani amfani a gare ku, ko kuwa mu 'yan kwamfuta ne kaɗai muke yabon ta a tsakaninmu?

Mai Awon Teku ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Shakkar da kika yi tana kan hanya, kuma ina ganin kurakurai uku a cikin bayaninki, amma kafin in kai gare su ya kamata ki san yadda hoton da ke gabanki ya samu, domin biyu daga cikinsu daga nan suka taso.

Hoton sona mai leƙen gefe ba hoton kyamara ba ne. Ana jan na'urar da igiya a bayan jirgi, ko a ɗora ta a kan wata na'ura mai tuƙa kanta a ƙarƙashin ruwa, tana watsa amo hagu da dama, kuma da yake amo yana tafiyar kimanin mita 1,500 a cikin daƙiƙa ɗaya a ruwan teku, lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo shi ke nuna nisan abin da ya doka. Abu mai tauri, kamar ƙarfe ko dutse, yana mayar da amo da ƙarfi, sai ya fito da haske, laka kuwa tana shanye shi. Duk abin da ya taso sama da ƙasa yana tare amon, sai a sami duhu a bayansa, wanda muke kira inuwa. Mu da muke zama gaban allo muna duba waɗannan hotuna, inuwar muke fara kallo kafin abin da ya yi ta, domin sau da yawa jirgin yakan fito kamar tabo mai haske marar siffa, amma inuwarsa ta nuna haƙarƙarinsa da tukunyar injinsa dalla-dalla. Da inuwar ma muke lissafa tsayi: idan na'urar tana mita 10 sama da ƙasa, inuwar ta kai mita 6, ƙarshenta kuma yana mita 60 daga layin da na'urar ta bi, to abin ya taso kimanin mita 1 ke nan.

Yanzu ki dubi jujjuyawar da kika yi. Inuwa a hoton sona kullum tana faɗawa ne ta ɓangaren da ke nesa da na'urar, tamkar inuwar mutumin da ya ba fitila baya. Idan kika karkata hoton ta kowace kusurwa, kin ƙirƙiri hotunan da babu na'urar da za ta taɓa ɗauko irinsu, kin kuma koya wa manhajar cewa wurin da inuwa ta faɗi ba shi da muhimmanci, alhali shi ne babbar shaidarta. Kina iya juya hoton ta tsawon layin tafiya, gaba ya koma baya, kina iya rage haske ko ƙara ƙura, amma ki kiyaye alaƙar abu da inuwarsa.

Kuskure na biyu shi ne cakuɗawar, kuma shi ne ya fi yi miki ɓarna. Ba a wuce jirgi sau ɗaya a lokacin awo, ana zagaya shi ne ta fuskoki da yawa, saboda haka jirgi guda yana iya fitowa a hotuna goma. Da kika cakuɗa gutsattsarin, gaban jirgi ya tafi wajen koyarwa, bayansa ya tafi wajen jarrabawa, tare da yashi iri ɗaya da duwatsu iri ɗaya da suka kewaye shi. Wannan daidai yake da ɗalibin da aka nuna wa takardar jarrabawa tun da dare. Ki sake rabon bisa ga wuri, ta yadda duk hoton da ya shafi jirgi guda zai tsaya a ɓangare guda.

Na uku, maganar "haura kashi 90" ba ta gaya mana komai a wannan aiki. A ɗauka kina da gutsattsari 10,000, kuma 50 ne kacal ke ɗauke da jirgi. Manhajar da ta ce "babu" a kan kowane gutsure za ta ci kashi 99.5, ba tare da ta gano jirgi ko ɗaya ba. Abin da ya kamata ki faɗa shi ne, a cikin jiragen da ke wurin nawa ta kama, kuma a cikin abubuwan da ta nuna nawa ne jirage na gaskiya.

Ƙarancin hotuna ba matsalarki ce ke kaɗai ba. Tarin da Jami'ar Michigan ta fitar a 2024 mai suna AI4Shipwrecks, wanda aka ɗauko a yankin Thunder Bay na Tafkin Huron a Amurka, hotuna 286 ne na jirage 28, alhali manhajojin gane hoton kyamara da miliyoyin hotuna ake koyar da su. Kafin nan, a 2021, Leila Character ta Jami'ar Texas da abokan aikinta sun koyar da manhajar YOLOv3 da taswirar zurfin ruwa da aka samo ta sona da hasken leza daga jirgin sama, suka sami sakamako na kimanin kashi 92. Aiki ne mai kyau, amma ki lura da cewa ruwan gaɓar Amurka ne, kuma a kan jiragen da aka riga aka san inda suke aka yi koyarwar.

Tsohon Mai Nutso ya amsa:

Malam Mai Awo ya gama da ɓangaren lissafi, ni kuma zan amsa tambayarki ta biyu, 'yata, amsar kuwa ita ce tana da amfani, sai dai ba a inda kuka fi zuba ƙarfinku ba.

Abin da ke damuna da yawancin waɗannan ayyuka shi ne, ana koyar da manhaja da jiragen da suka yi kama da jirgi. Jirgin ƙarfe na ƙarni na 19 ko na 20 da ke zaune a kan yashi, da gabansa mai tsini da inuwarsa mai tsawo, ko sabon ɗalibi zai gane shi a rana ta farko. Tsofaffin jiragen da muke nema ba haka suke ba. A cikin teku mai gishiri da ɗumi akwai wata halitta mai kama da tsutsa da ke cinye duk katakon da bai binnu ba cikin 'yan shekaru, sai a bar mu da abin da ba ta iya ci: tulin tuluna masu hannu biyu da ake zuba mai ko giya a cikinsu, ko anga, ko tarin duwatsun da ake lodawa a cikin jirgi domin ya daidaita a kan ruwa. A hoton sona, wannan ɗan tudu ne da bai kai ƙugun mutum ba, a tsakiyar ɗaruruwan tuddai irinsa. Jirgin Uluburun, wanda ya nutse a gaɓar Turkiyya a ƙarshen ƙarni na 14 kafin haihuwar Annabi Isa, yana ɗauke da jan ƙarfe kimanin tan 10 da kuza tan 1, ba na'ura ce ta gano shi ba. Wani mai nutso domin ciro soson teku ne ya gan shi a 1982, ya kwatanta abin da ya gani da biskit na ƙarfe masu kunnuwa, masana suka gane cewa curarren jan ƙarfe na zamanin da yake nufi. An yi daga 1984 zuwa 1994 ana tono shi, da nutso fiye da 22,000.

Akwai kuma abin da yake binne gaba ɗaya, wanda sona mai leƙen gefe ba za ta gani ba ko da wace manhaja aka haɗa ta. Mary Rose, jirgin yaƙin Ingila da ya nutse a 1545, laka ce ta rufe shi, kuma sona mai ratsa laka, wadda injiniya Ba'amurke Harold Edgerton ya kawo a ƙarshen shekarun 1960, ita ta taimaka wajen nuna cewa akwai wani abu a ƙasa, kafin a ga katakonsa a 1971, a kuma ciro shi a 1982. Birnin Heracleion da ya nutse a gaɓar Abu Ƙir ta Masar, mai binciken kayan tarihi Bafaranshe Franck Goddio ya gano shi a shekarar 2000 bayan shekaru yana haɗa awon maganaɗisu da awon zurfi da sona. A aikin gaske ba a dogara da na'ura ɗaya, ana jera taswirorinsu ne ɗaya a kan ɗaya, a ga inda suka yi ittifaƙi.

Misalin da na fi son ki riƙe shi ne na Tekun Baltik. A 2021 wani malami da ɗalibansa daga Jami'ar Kiel ta Jamus suna atisayen awon zurfi a yankin Mecklenburg, sai suka lura da wani siririn layi a zurfin mita 21. Da aka bincika, sai aka tarar katanga ce ta duwatsu kusan 1,700, tsawonta ya kusa kilomita 1, wadda masu binciken suke ganin mafarauta ne suka jera ta fiye da shekara 10,000 da suka wuce, lokacin da wurin yake tudu, domin su riƙa kora barewar ƙasashen sanyi zuwa inda za su harbe ta. Manhajar da aka koya wa jirgi ko babu jirgi, amsarta a nan "babu" ce, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Inda na ga na'ura ta canja mana aiki da gaske shi ne wajen awo da hotuna. A da, mutum biyu ne ke sauka da tef da allon rubutu, a zurfin da ba za ka wuce minti 20 ba, hannunka yana rawa saboda sanyi, ga ƙurar da ƙafar abokinka ta tayar ta rufe lambar da kake son karantawa. Yanzu ana ɗaukar dubban hotuna masu hawa kan juna, kwamfuta ta nemo ɗigo iri ɗaya a cikinsu, ta gina siffar wurin mai tsawo da faɗi da zurfi. Da haka aka zana jirage fiye da 60 a Bahar Aswad daga 2015 zuwa 2017, ciki har da jirgin fataken Girka na wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda yake zurfin fiye da kilomita 2, inda babu iskar oksijin da mai cin katako zai rayu da ita, shi ya sa jirgin yake nan da kujerun masu tuƙinsa. Da haka aka haɗa siffar Titanic daga hotuna fiye da 700,000 da aka ɗauka a 2022. Idan kina neman aikin da za mu gode miki a kansa, ki koya wa manhaja ta ƙirga tuluna a cikin irin waɗannan hotuna, ta ware su iri-iri, domin wannan aiki yana cinye mana watanni.

Mai Tuƙa Na'ura ya amsa:

Baba Mai Nutso, a yi mini afuwa, ina ganin an ɗan rage wa neman jirgi da manhaja daraja fiye da kima. Hukumar UNESCO tana ƙiyasta cewa akwai jirage kimanin miliyan 3 a ƙasan tekunan duniya, kuma ya zuwa 2023 kusan kashi ɗaya bisa huɗu ne kawai na ƙasan teku aka zana taswirarsa da awo na zamani. Mafi yawan awon da ake yi ba domin tarihi ake yin sa ba, masu shimfiɗa wayoyin intanet da bututun mai da masu kafa injinan lantarki na iska ne ke yi, kuma babu isassun masana da za su zauna su duba kowane layi. Mutumin da ya yi awa takwas yana kallon yashi yana gangarowa a allo, idonsa yana gajiya, manhaja kuwa ba ta gyangyaɗi. Ko da jiragen ƙarfe masu sauƙi kawai ta tsince, ta ba shi lokacin duba masu wuya.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi aikinmu kai tsaye. Siginar tauraron ɗan'adam ba ta ratsa ruwa, saƙon da ake aikawa da amo kuwa bai iya ɗaukar hoto mai nauyi, saboda haka na'ura mai tuƙa kanta sai ta fito kafin a ga abin da ta ɗauko. Jirgin San José, wanda ya nutse a 1708 kusa da Kartahena ta Kolombiya, na'urar REMUS 6000 ce ta hango shi da sona a 2015, sannan aka sake tura ta ta sauka kusa ta ɗauki hotuna, aka ga zanen kifin dolfin a jikin igwoginsa na tagulla, da shi aka tabbatar da sunansa. Haka jirgin Endurance na masu binciken yankin Antatika, wanda aka gano ranar 5 ga Maris 2022 a zurfin mita 3,008 a ƙarƙashin ƙanƙarar Tekun Weddell. Idan manhaja tana cikin na'urar, tana iya ganin abin tuhuma ta juya da kanta ta ɗauki hoto a nutso ɗaya, kuma a wurin da ƙanƙara ke iya rufe hanya cikin awa kaɗan, nutso ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Malama, shawarata ita ce ki saita manhajarki ta fi karkata ga yawan tuhuma. Idan ta nuna dutse, minti biyu mutum zai ɓata ya goge. Idan ta tsallake jirgi, mai yiwuwa bututu ya bi ta kansa.

Ɗalibar Kwamfuta ta sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na sake rabon bisa ga wuri kamar yadda Malam Mai Awo ya ce, na kuma cire jujjuyawar da ke ɓata inuwa, sakamakon ya faɗi sosai, musamman a kan jiragen da suka farfashe suka watse, inda manhajar take kama tukunyar inji ta bar sauran tarkacen. Na kai wa malamina sabon sakamakon, bai ji daɗi ba da farko, amma ya yarda cewa wannan ne za mu iya karewa a gaban masu jarrabawa.

Maganar katangar Baltik ta sa na fara tunanin juya tambayar. Maimakon in koya wa manhajar kamannin jirgi, wanda misalansa kaɗan ne, zan koya mata kamannin ƙasan teku na yau da kullum, yashi da laka da duwatsu, waɗanda nake da su da yawa, sai ta riƙa nuna duk abin da ya saɓa wa abin da ta saba gani. Ina kuma da niyyar sakin manhajar da hotunan da na yi wa alama a intanet, har da lambobin da ke nuna ainihin wurin kowane abu, domin wasu su iya tabbatar da aikina. Akwai abin da ya kamata in kiyaye?

Tsohon Mai Nutso ya amsa:

Dabarar neman abin da ya saɓa wa al'ada ta fi kusa da yadda idon gwani yake aiki, amma ki shirya ganin tayoyin mota da ganguna da ragar masunta da ta tsinke, domin ƙasan teku cike yake da shara, kuma ita ma ta saɓa wa al'ada. Ki ware wa waɗannan nasu rukuni tun farko, kuma kada ki rubuta "jirgi" a kan abin da babu wanda ya sauka ko ya tura kyamara ya gani, ki rubuta "abin tuhuma".

Game da lambobin wuri kuwa, ki dakata. Jiragen da ke cikin yankin da hukuma ta kewaye take tsaro, waɗanda aka riga aka buga wurarensu, babu laifi. Amma duk sabon abin da manhajarki ta nuna, kada lambarsa ta fita, domin masu wawashe jirage su ma suna karanta takardun bincike, kuma na taɓa komawa wurin da muka bari da tuluna jere, na tarar da ramuka da fasassun wuyan tulu. Yarjejeniyar UNESCO ta 2001, wadda ta fara aiki a 2009, ta shafi abin da ya kai shekara 100 a cikin ruwa, ta sa barin abu a inda yake ya zama zaɓi na farko, ta kuma hana cinikinsa. Ki miƙa lambobin ga hukumar kayan tarihi ta ƙasar da ruwan yake hannunta, ki goge su daga bayanan da ke maƙale da fayilolin sona kafin ki saki, domin kowane layi na fayil ɗin yana ɗauke da wurin da aka ɗauke shi, ko da hoton bai nuna ba.